Gayyar da Na'ura Ta Tara

Kusan duk wata sai an kawo mini yaro ko yarinya shagona da ke Tudun Wada a Gusau, a ce in koya musu katun. Tambayarsu ta farko, wata nawa za su yi su ƙware. Ta biyu, wane maɓalli ake dannawa hannun mutum ya miƙe kamar roba, ko jikinsa ya rabu gida uku, irin wanda suke gani a waya. Wai shi ake yayi yanzu, wai sunansa kuskure, kuma ai kuskure ba ya bukatar koyo. Wannan maganar ta ƙarshe ita ke sa in ajiye abin da ke hannuna in kalli mai yin ta. Don haka ku zauna ku ji, tun da bakina ya gaji da maimaita wa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin namu sunansa ɗaukar motsi. Mutum zai tsaya gaban kyamara ya yi tafiya ko rawa ko dambe, kwamfuta ta zana ƙwarangwal ɗinsa da 'yan sanduna da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo gaɓa ce. Sai mu ɗauki ƙwarangwal ɗin mu sa masa jikin da muka zana, ya riƙa motsi yadda mai shi ya yi. Kyamarar ba irin ta biki ba ce. Wani haske take fesawa wanda ido ba ya gani, ta auna nisan abu da yadda hasken ya dawo mata. Abu uku ke rikita ta: rana, ƙura, da duk wani abu mai ƙyalli. Ku dubi garin da muke ciki ku gaya mini wanne muka rasa.

Ni ban fara da kwamfuta ba. Wajen Malam Garba mai zanen motoci na tashi, a tasha, shekara biyu ina wanke buroshi da kananzir kafin ya bar ni in taɓa fenti. Ranar da ya ba ni dama, doki na zana a bayan wata babbar mota, na ja da baya ina jiran yabo. Ya dube shi ya ce, “Wanga dokin naka in ya taka sau guda hwaɗuwa za shi yi.” Ya kore ni kasuwar dabbobi kwana uku, ba don in sayi komai ba, don in ga wace ƙafa ke tashi bayan wace. Na ji haushinsa a lokacin ƙwarai. Amma daga baya da na koma haɗa bidiyon biki, na kuma sayi kyamarori biyu na hannu da aka ciro daga na'urar wasan yara, idon da ya sa mini shi ya riƙa ciyar da ni.

Wani Alhaji mai sayar da taki a Tsafe shi ya fara koya mini cewa kuskure ma kaya ne. Talla yake so, shi da kansa a katun yana nuna buhu. Na je da kayan aiki, na roƙe shi ya cire babbar riga. Ya ce, “In tsaya da singileti gaban yaran shagona? Kai dai yi aikinka.” Na yi aikina. Duk sanda ya saɓa hannun riga a kafaɗa, kwamfuta sai ta ɗauka gwiwar hannunsa ce ta sauko har ƙauri ta koma. Abin da ya fito jemage ne mai tallan taki. Da ya gani ya rantse an haɗa baki da ni ne a ci masa mutunci, sai da limamin unguwarsu ya sa baki. Na sake tallan da jikina ina kwaikwayonsa, nasa kuma na jefa shi cikin wata ma'ajiya a kwamfuta da na sa wa suna Shara.

Bayan shekara biyu wata malamar makaranta ta kawo mini tatsuniya in mai da ita katun, da dodo a ciki. Duk dodon da na zana sai ya yi tafiya irin ta mutum, yara su yi ta dariya. Da na rasa yadda zan yi, sai na buɗe Shara na ɗora jikin dodon a kan ƙwarangwal ɗin Alhaji. Ranar da aka nuna, 'yan aji ɗaya ƙarƙashin benci suka shige. Har yau Alhaji bai san shi ne dodo ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.

Shekarar da aka rufe layukan waya saboda 'yan bindiga ita ta kusa binne sana'ar. Babu biki na kirki, babu talla, kowa ta kansa yake. Manhajar da nake ji da ita, wadda ke tace motsi ta gyara kurakurai da kanta, sai ta ji sabis take buɗewa. Ta kulle bakinta ƙam. Sau biyu na sa kwamfuta a jaka na bi ta Tsafe zuwa Funtua, raina a hannuna, don kawai in ba ta sabis ta sha, bayan 'yan kwanaki ta sake nema. Na haƙura na koma wa tsohuwar manhajar da na yi wa ritaya. Ita wuta kawai take so, sai dai ba ta da wayo ko kaɗan.

A cikin wannan hali Lawali ya shigo shagona. Mai hatsi ne a kasuwar Gusau, mun daɗe muna gaisawa. Mahaifinsa, Baba Mande, mutumin wajen Karakkai ne, ya dawo hannunsa tun da gonakin nesa suka gagari zuwa. A zamaninsa gwanin huɗa ne, wanda in an kira gayya aka ce zai zo, 'yan kallo sukan fi masu noma yawa. To amma jikokinsa a birni aka haife su. Tsoho kawai suka sani, mai zama a ƙofar gida yana korar ƙuda. In ya fara labarin gayya, Hafsatu, 'yar Lawali mai shekara goma sha biyu da baki kamar reza, sai ta ce, “Tsoho, da wanga bayan naka? A dai rage.” Wasan jika da kaka ne, kowa ya sani. Amma tsohon ya daina ramawa, ya daina labarin, daga baya ya fara mai da tuwo ba a taɓa ba.

Lawali so yake in mai da huɗar tsohon katun, jikokin su gani. Na ce masa ai sai ya ɗauke shi bidiyo da waya, ya huta. Ya ce, “Bidiyo tsoho za ya nuna masu, abin da suka saba gani. Ni so nike su ga motsinai a jikin saurayi.” Ban taɓa jin wanda ya bayyana sana'ata a taƙaice haka ba, na karɓi aikin.

Na share shago, na rufe tagogi, na samo sanda mai tsawon ƙotar galma. Aka kawo Baba Mande. Na miƙa masa sandar, ya juya ta sama da ƙasa.

“Mi za ni yi da wagga?”

“Baba, ka yi kamar kana huɗa.”

“Awa ina huɗa? Yaro, ni ban taɓa yin awa ba. Ko in yi ko in bari. Kuma bisa siminti?”

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ya ce shi ƙasa yake so da galmarsa. Aka ɗauko galmar daga ƙarƙashin gadonsa, da na gan ta na san da matsala. Ƙasa ta goge ruwanta shekara da shekaru, kana iya duba haƙoranka a ciki. Na ce to a bari in shafa mata baƙin fenti, ko da laka ce. Ya karɓe abarsa ya rungume. “Galmar da ƙasa ta wanke za ka ɓata ma huska? Lawali, mai da ni gida.” Ku da kuke cewa aikin danna maɓalli ne, ku gaya mini maɓallin da ake danna wa wannan.

Ni na sauko. Lawali yana da sito a Bungudu, da rufi amma daɓensa ƙasa ne, kuma a wannan shekara babu ko buhu ɗaya a ciki. Muka yayyafa ruwa tun ana gobe don ƙasar ta yi laushi, muka je da hantsi da janareto. Na kafa kyamarori, na toshe ɓulolin kwano da tsumma. Lawali ya kunna gangar noma a wayarsa, Baba ya ce makaɗin rago ne amma a bar shi. Shi da kansa ya tuɓe riga, ya ɗaure ƙugu, ya tofa yawu a tafin hannu. Sai ya yi wata kururuwa da ban san tana cikin ƙirjin nan ba, ya sara.

Ban taɓa ganin irin wannan huɗa ba, kuma ni ɗan ƙauye ne. Galmar na shiga, ƙasa na kifewa, kafin ta gama zuba ya fizge kafaɗa ya kai sara na gaba. Ya tayar da kunya huɗu. A tsakiyar ta biyar ya tsaya cak, galmar a kafe, hannunsa a baya. Mu biyu muka ɗauke shi zuwa mota. A asibiti aka ce ƙashin baya ne, ya yi sallama da sunkuyo. Abin da na ɗauka bai kai minti uku ba, kuma ba za a sake ba har abada.

Washegari da safe na buɗe aikin, na ce innalillahi. Mutum ɗaya na ɗauka, ƙwarangwal shida na tarar. Duk sanda ruwan galmar ya walƙa, ƙasa ta tashi, sakaryar manhajar sai ta ɗauka wani mutum ne ya shigo. Ba ta iya riƙe fiye da mutum shida a lokaci guda, ta kuwa cika su cif. Ga Baba a gaba, ga wasu biyar a gefensa suna bin motsinsa a makare. Ɗaya wuyansa a karkace, ɗaya gajere kamar an danne shi, ɗaya ya ɓace ya dawo, biyu kuma manne da juna. Shi kansa Baban kafaɗarsa tsalle take yi a kowane sara. Na zagi manhajar, na zagi wanda ya ƙera ta, na haɗa da wanda ya ƙera galmar.

Sati uku na yi ina sharewa. Kowace daƙiƙa hoto talatin ce, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bi, ku lissafa da kanku. Na goge baƙin nan biyar, na daidaita kafaɗar har ta daina tsalle, motsin ya koma sumul. Na zana saurayi ƙaƙƙarfa daga wani tsohon hoton Baba na katin shaida, na yi masa gona da gajimare. Idona ya yi ja, wuyana ya ƙage, amma na ce ko a Kano aka yi wannan sai a sara wa mai shi.

Bayan la'asar na kai gidan Lawali. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a tsakar gida da matashi a bayansa, yara suka kewaye kwamfuta. Na kunna. Saurayi ya yi huɗarsa tsaf daga farko har ƙarshe. Da ya ƙare, Baba ya taɓe baki.

“Wanga ɗan ƙwadago na,” in ji shi. “Shina noma awa mai jiran a ce a tashi. Ina hizgar? Kuma wa kat taɓa gani ya yi gayya shi ɗai?”

Fizgar da yake nema ita ce tsallen kafaɗar da na kwashe kwana takwas ina gogewa. Hafsatu ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, “Ai na hwaɗa maku.” Tsohon ya juya fuskarsa wajen bango. Lawali ya sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma ba tausayi ne ya fara zo mini ba, haushin sati ukuna ne. Na ce wa Lawali ya zo ya ga irin dattin da na faro da shi, don kada ya ɗauka wasa na yi. Na buɗe Shara na kunna ɗanyen aikin, sanduna da ɗigo a kan baƙin allo.

Hafsatu ta leƙo ta kafaɗar ubanta. “Su wa ne waɗanga na bayanai?”

Na buɗe baki zan ce ƙyallin galma ne, Lawali ya taka mini ƙafa. Baba ya juyo a hankali, ya ce a matso da abin. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake. A karo na biyu ya ɗaga yatsa.

“Mai karkataccen wuyan ga Ɗan'inna na, wani sa ya taɓa tunkuyinai. Gajeren Ibro. Waɗanga biyu tagwayen gidan maƙera, ko masai tare suka zuwa.” Sai ga ɗayan da ya rage ya ɓace daga allon. Ya buga cinya ya yi dariya har da tari. “Sale! Ya tahi shan ruwa. Kullum in rana ta yi zahi sai ƙishirwa ta kama shi.”

Ya lura da yadda nake kallonsa. “Na san ba su ba ne, yaro, ban haukace ba. Duk ƙasa ta ruhe su. Amma haka munka jera.”

Hafsatu ta durƙusa gaban kwamfutar ta sa yatsa a kan na gaba, tana binsa. Sau uku aka maimaita tana jiran wani ya kamo shi, babu wanda ya kamo shi. Ta juyo ta ce, “Baba, sake hwaɗa min sunayensu.” Na lura ba Tsoho ta ce ba. A ranar sai da aka ƙaro masa tuwo.

To a nan aikin ya fara, ku da kuke ganin kuskure sauƙi ne. Kuskuren da ke cikin ɗanyen nan ya fi ɗari. Akwai inda ƙafar Ibro ta bi ta cikin kansa, akwai inda tagwaye suka nutse cikin ƙasa har wuya. Waɗannan datti ne, na share su. Wuyan Ɗan'inna da shan ruwan Sale da fizgar Baba kuwa na bar su yadda na'ura ta ɓata su, ban taɓa ko ɗigo ba. Kwamfuta ba ta san bambancin waɗannan da waɗancan ba, ni ma ban sani ba sai da mai galma ya nuna mini. Wata guda ina zuwa da takarda da fensir, yana kwatanta mini fuskokinsu ina zanawa yana kushewa. Hancin Ibro kaɗai sau shida na sake shi.

Da na kai masa su shida a jere cikin gona, da jiki da fuska, ya daɗe yana kallo. Na ce yau dai zan ji madalla. Sai ya ce, “Saura Bawa.”

Ashe su bakwai ne. Bawa tsakanin Sale da tagwaye yake tsayawa, kuma shi kaɗai ya rage da rai bayan Baba. Yana can ƙauye, ya ƙi tasowa, waya kuma ba ta shiga. Na ce na'urar shida take ɗauka. Ya ce wannan matsalata ce. Na koma shago na kwafi motsin Baba, na jinkirta shi kaɗan, na sa masa wani jiki. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce, “Wanga ni ne anka maimaita. Hidda shi.” Na ari galmar na koma siton Bungudu na yi ta sara da kaina, ko na'urar za ta sake haifo wani. Na yi kanta a tafin hannu, bayana ya riƙe kwana biyu, ita kuwa manhajar da ba ta taɓa yin daidai ba a rayuwarta, ranar ta ga mutum ɗaya tak, mai ƙiba, yana wahalar da ƙasa.

Da na gaya wa Baba, ya ce ai da ma. Ya ce in matsar da tagwaye gefe in bar wurin. “In hanya ta yi kyau Bawa shi zo shi cika abinai da kainai.” Na matsar da su. Sai ya zama mutum shida suna huɗa, tsakaninsu da wani siririn fili da ba a taɓa ba, daga wannan bakin gona zuwa wancan. A idon mai sana'a abin ya yi muni, na kuma faɗa masa haka. Ya ce ba a tambaye ni ba.

Da aka buɗe layuka, Lawali ya kira ƙauye. Aka ce Bawa ya rasu tun kafin kaka, ciwon kwana biyu. Na je yi wa Baba gaisuwa. Na same shi zaune a tabarma, Hafsatu a gefensa da wayar ubanta tana nuna wa wasu mata 'yan gaisuwa gayyar, tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda, har da dalilin ɓacewar Sale. Da aka yi addu'a aka shafa, na matsa kusa da shi na rage murya. Na ce yanzu tun da abin ya zama haka, ko in zana Bawa in sa shi a wurinsa, ba sai an biya ni komai ba.

Ya dube ni yadda Malam Garba ya dubi dokina.

“Da wane motsi? Kai ka taɓa ganin huɗar Bawa?”

Ban taɓa gani ba. Babu wanda ya ɗauka, kuma wanda ya san ta ba ya iya sunkuyawa ya nuna. Filin yana nan ba a huɗe ba.